Kafin a Ɗaura Niyyar Gudun Bana, a Yi wa Bara Hisabi

Tun da sabuwar shekara ta kama, babu ranar da za ta fito ta faɗi ba tare da wani daga cikin 'yan'uwanmu masu gudun motsa jiki ya watsa wa jama'a hoton abin da ya ɗora wa kansa na bana ba, wannan ya ce shi kilomita 2,000 zai yi kafin Disamba, wancan ya ce 3,000, wani kuma da ko takalmin gudun bai gama sabawa da ƙafarsa ba ya yi shelar cewa da shi za a yi gudun yada ƙanin wani na Legas a watan Fabrairu, jama'a kuwa, bisa ga ɗabi'arsu ta son ƙarfafa gwiwa, sai su bi kowannensu da jinjina da sambarka. Abin da ya sosa mini rai a makon nan, har ya sa na jingine maganar da na yi nufin kawo muku, shi ne a cikin dukan masu wannan shela ban ga ko mutum ɗaya da ya fara da bayyana yadda ya ƙare da alkawarin bara ba. An shafe bara kamar ba a yi ta ba, an buɗe sabon shafi da adadin da ya fi na da girma.

To, bari mu ɗan yi lissafi, domin lissafi ba ya jin kunyar kowa. Wanda ya ce zai yi gudun kilomita 3,000 a shekara, ya ɗora wa ƙafafunsa kusan kilomita 58 ke nan a kowane mako, watau sama da kilomita 8 a kowace rana ta Allah, ba Juma'a, ba Salla, ba ranar da mura ta kwantar da shi, ba ranar da zai kwana a hanyar zuwa gaisuwar mutuwa. Wanda ya ce 2,000 yake so, nasa ya haura kilomita 38 a mako. Gudun yada ƙanin wani kuwa kilomita 42 ne da mita 195, tsawon da aka yi a wasannin Olamfik na Landan a 1908 har ya zama ƙa'ida, kuma masu horar da 'yan gudu sukan ba mutumin da ya riga ya saba wata huɗu na shiri kafin ya tunkare shi. Mai ɗaura niyya ranar ɗaya ga Janairu domin tseren Fabrairu ya manta da cewa ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gadar Third Mainland da aka sha ƙetarewa a tseren Legas tsakanin Surulere da Eko Atlantic ba ta san wa ya sha jinjina a waya ba.

Akwai wani yaro, ɗan aminina, ma'aikaci mai hankali da ladabi, wanda bara war haka ya zo ya durƙusa ya gaishe ni a bakin fili bayan an tashi daga gudu, ya miƙo mini wayarsa da hannu biyu ya ce, "Baba, a sa mini albarka, bana 3,000 zan yi." Na dubi takalminsa sabo fil, har yanzu farin gindinsa bai san jar ƙasa ba, na dubi agogon da ke ƙirga masa bugun zuciya, na tambaye shi nawa ya yi a shekarar da ta wuce, sai ya ce ai bana ne ya fara. Ya kuwa yi himma irin ta samartaka, don a watan farko kullum kafin a sallame sallar asuba a wasu masallatan yana kan kwalta, yana haki, gumi na zuba duk da sanyin hunturu, kuma kowace safiya sai ya aika wa abokansa taswirar inda ya bi. Cikin mako na biyar ƙwaurinsa ya fara zogi, ya daure. Cikin na bakwai ya koma ɗingishi, ya ɗaure wurin da bandeji ya ci gaba, domin manhajar da ke wayarsa tana nuna masa cewa an bar shi a baya. Da bazara ta shigo likita ya ce masa ƙashin ne ya gaji da duka, ya ajiye gudu sai bayan makonni. Makonnin suka zama watanni, takalmin ya koma ƙarƙashin gado, ba mu sake ganinsa a fili ba har aka yi girbi. A makon nan ga hotonsa ya sake fitowa, da adadin nan dai na 3,000, babu kalma guda a kan abin da ya same shi. Yaron nan ba raggo ba ne, kuma ba maƙaryaci ba ne, abin da ya rasa shi ne wanda zai zaunar da shi ya koya masa muhasaba.

Malamanmu sun daɗe da gama magana a kan wannan babi, ko da yake su a kan abin da ya fi gudu girma nesa ba kusa ba suke magana. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin domin muraƙaba da muhasaba, inda ya jera matakai shida da bawa zai bi da ransa, ya fara da gindaya masa sharaɗi, sannan ya sa masa ido, sannan ya yi masa hisabi, bayan haka horo da mujahada da zargi su biyo baya, ya kuma misalta al'amarin da ɗan kasuwa da abokin cinikinsa. Duk wanda ya taɓa zama a Kantin Kwari ko kasuwar Kurmi ya san gaskiyar misalin, domin babu attajirin da zai ƙara wa yaronsa jari a sabuwar shekara alhali bai buɗe littafin bara ya ga uwar kuɗi da riba da hasara ba, wanda ya yi haka kuwa ba a kiransa mai kyauta, sai dai a ce yana neman karyewa. Jikin nan amana ce da za a tambaye mu a kanta, saboda haka ban ga aibu ba idan mai gudu ya ari tsarin magabata ya auna kansa da shi. Samarinmu sun ɗauki matakin farko kawai, sharaɗi a kan sharaɗi kowace Janairu, sun bar sa ido da hisabi, waɗanda su ne ke hana sharaɗi zama tatsuniya.

Babban abin da hisabin gaskiya zai nuna wa mai gudu a ƙasarmu shi ne shekararmu ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, ba a raba ta gida goma sha biyu daidai wa daida. Manhajojin nan an tsara su ne a ƙasashen da yanayinsu daban yake da namu, suna raba adadin shekara a kan makonni ba tare da sanin hazo ko azumi ba. Mu kuwa muna buɗe shekara da hunturu, lokacin da sanyin asuba ke da daɗin gudu amma ƙura ke cika ƙirji, mai asma da mai tari ba su isa su fita ran da hazo ya sauka ba. Daga nan sai bazara, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da ma'aunin zafi kan haura 40 a Sakkwato da Maiduguri, wanda duk hantsi ya riske shi a kan hanya ya jefa kansa cikin haɗari. Damina ta zo da sauƙin iska, amma ta zo da taɓo da kwatamin da ya cika ya malalo kan titi da zazzaɓin cizon sauro. Watan Ramadan kuma, wanda ke matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, yana da nasa haƙƙi, mai azumi ya rage, ya koma sassarfa kaɗan gab da shan ruwa ko bayan asham, a goman ƙarshe kuwa tahajjudi ya fi cancanta da ƙafafunsa. Duk niyyar da ba ta bar wa waɗannan watanni gurbinsu ba, tun ranar da aka rubuta ta aka rubuta karyewarta.

Wannan ma ga wanda ya sami wurin gudun ke nan. Masu bin wannan shafi sun san ba yau na fara kuka a kan filayenmu ba, kuma ba zan daina ba. Filayen makarantun da muka taso muna tsere a cikinsu an yanka su an jera shaguna, titunan da ake kashe maƙudan kuɗi a kansu ba a bar wa mai tafiya da ƙafa ko taku biyu a gefe ba, inda aka bari kuma masu kasa kaya da masu Keke Napep sun mamaye, har ya zama mai gudun asuba yana raba hankalinsa uku, ɗaya ga mota, ɗaya ga rami, ɗaya ga masu ƙwacen waya. Sannan ga 'yan zaman kashe wando da ke bin dattijo da ihun "wa ya biyo ka?" kamar neman lafiya abin kunya ne. Matanmu kuwa, da hawan jini da ciwon suga ba su ƙyale su ba, kusan babu wani killataccen wuri da aka tanadar musu, alhali Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha har sau biyu, ta tsere masa a na farko, ya tsere mata a na biyu. Hukumar da ta iya shirya gangamin tattaki na rana ɗaya da riguna masu hoton shugabanni, amma ta kasa killace fili guda da fitila da mai gadi, ba lafiyar talakawa ce a gabanta ba, kuma ya kamata a faɗa mata haka ba tare da kwana-kwana ba.

In koma kan samarinmu, dole in faɗi abin da ba za su so ji ba. Mafi yawan shelar nan riya ce, neman a gani ne a yaba, kuma alamarta ita ce ana buga niyya a bainar jama'a ana ɓoye sakamako a ɗaka. Na san za a ce mini bayyana niyya yana sa mutum jin nauyin cika ta, amma da haka ne, da filayenmu ba su zama kufai kafin Afrilu ba. Ana yawan kafa hujja da Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya yi tsawon gudun yada ƙanin wani cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana a 2019, sai dai masu ambatonsa ba sa ambaton cewa shekara da shekaru ya yi a sansanin Kaptagat a ƙarƙashin mai horarwa guda, Patrick Sang, yana rubuta atisayensa na kullum a littafi da hannunsa. Gudu sana'arsa ce, daga gare ta yake ci, haka nan 'yan'uwanmu na Filato da ke yi wa sauran 'yan Nijeriya fintinkau a dogon tsere, a kan tudu suka tashi kuma a kai suke horo. Malamin makaranta ko ɗan kasuwa mai iyali da ya ari ma'auninsu ya auna kansa ya zalunci jikinsa, hangen Dala kuwa ba shiga birni ba ne.

Niyyar da nake ganin ta dace da mai gudu don lafiya ita ce wadda aka ƙulla a kan yawan fita, kilomita ta biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 na mai tsanani, watau rabin awa sau biyar, ko gudu na sosai sau uku, abin da mai aiki da iyali zai iya riƙewa daga Janairu har Disamba. Buhari da Muslim sun ruwaito falalar aikin da aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma hikimar ta game al'amuran duniya ma. Wanda ya ga ya tsayu a kan haka wata shida, ya kuma ji yana marmarin gwada kansa cikin jama'a, ga tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo da ake yi tun 2013, ga kuma na kilomita 10 da ake haɗawa da babban tseren Legas, ya fara da su, ya bar wa kilomita 42 shekarar da ƙashinsa ya yi ƙwari. Wanda ya manyanta, ko yake da hawan jini, ko ya taɓa jin ƙirjinsa ya riƙe, ya fara ganin likita kafin ya ga mai sayar da takalmi.

Akwai wani dattijo, tsohon malamin firamare, da muke fita tare, wanda ba shi da agogon ƙirge, sai wani ɗan littafin rubutu mai bangon shuɗi da yake ajiyewa a aljihun gaba. Ran da ya fita sai ya ja layi, ran da bai fita ba ya rubuta dalili da kalma guda, ruwa, ko jana'iza, ko gwiwa, ko kasala, kuma kasalar ba ya canza mata suna. Ƙarshen kowane wata yakan ƙirga, idan ya ga gwiwa ta yawaita ya bar kwalta ya koma kan turɓaya, idan kasala ce ta yawaita ya nemi wanda zai riƙa ƙwanƙwasa masa ƙofa bayan asuba. Wannan shi ne hisabin da nake kira gare shi, kuma ba ya bukatar intanet.

Saboda haka duk wanda ya riga ya yi shelar bana, ya nemi takarda a wannan Juma'ar, ya zauna shi kaɗai ya rubuta watannin da ya fita bara da waɗanda ya zauna, da abin da ya zaunar da shi, da inda ya yi masa ciwo, da ko nauyinsa da barcinsa da awon jininsa sun gyaru, sannan ya yanke wa bana abin da wannan takarda ta nuna zai iya, ko da rabin rabin abin da ya shelanta ne, ya sa ranar da zai sake dubawa bayan Ƙaramar Salla da kuma bayan damina. Mu manya da ake kawo wa waya a ce mu sa albarka, mu ma akwai haƙƙi a kanmu, kada mu ce madalla sai mun tambayi yaro yadda ya kwashe da bara, domin gwiwar da ta lalace a ƙuruciya ita zai yi ruku'u da sujada da ita a tsufansa. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ba mu istiƙama a kan abin da muka ɗauka.