Kwana a bakin kogin Garon: rabin tarihin da otal ba ya sayarwa

Duk hadimin da aka taɓa ɗora wa nauyin nema wa maigidansa masauki a ƙasar waje ya san cewa hotunan otal ba sa ƙarya, amma kuma ba sa faɗin gaskiya duka. Idan taron ya faɗo a Bordo, birnin nan na kudu maso yammacin Faransa, kusan abu ɗaya zai gani a tallan kowane masauki: ɗaki mai faffaɗar taga, kogin Garon na malala a ƙasa, ga kwalbar giyar inabi a kan tebur. A nan ne jami'anmu kan rabu gida biyu. Wani zai kulle kansa a ɗaki daga an tashi taro har wayewar gari, yana fama da burodi da shayi don gudun abin da zai taɓa masa addini. Wani kuma ƙyale-ƙyalen wurin zai ɗauke masa hankali, ya dawo gida da hotuna ɗari ba tare da ya san inda ya kwana ba. A ganina dukansu biyu sun yi asarar kuɗin jama'a.

Damuwar na farko ba abin raini ba ce, amma maganinta mai sauƙi ne. A Bordo babu wanda zai ɗura wa baƙo giya. Kalma ɗaya ta isa ma'aikacin otal ya kawo ruwa ko lemo. Inda ake bukatar lura shi ne abinci, domin a can giya kayan miya ce. Naman sa da ake yi wa laƙabi da sunan birnin, da jar giya ake haɗa romonsa. Ɗan ƙaramin kek ɗin nan mai suna canelé, wanda ake yawan ajiye wa baƙo kusa da kofi, a al'adance ana zuba masa barasar rake. Wanda ya san wannan zai tambaya kafin ya kai baki, ya ci kifinsa gasasshe, ya kwana lafiya. Hadimin da ya rubuta wa otal tun daga Abuja cewa a kwashe kwalabe daga ƙaramin firjin ɗaki ya gama rabin aikinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne na biyun, domin otal ɗin da ke bakin wannan kogi kan miƙa wa baƙo tarihi a wanke, an goge shi tas. Labarin da za a ba shi gaskiya ne. A shekarar 1152 Eleanor ta Akiten ta auri Henry, wanda ya zama sarkin Ingila bayan shekara biyu, yankin ya koma ƙarƙashin sarautar Ingila har zuwa 1453, kuma a tsawon waɗannan shekaru ɗari uku ne giyar Bordo ta sami kasuwa a Landan. Daga baya fatake daga Holan da Jamus da Ailan suka kafa rumbunansu a unguwar Chartrons, dab da ruwa, inda ake mirgina ganguna zuwa jiragen ruwa. A 1855, bisa umarnin Napoleon na Uku, aka jera manyan gonakin inabin yankin daraja-daraja, jerin da har yau ake cinikin kwalba da shi.

Haka kuma gyaran da aka yi wa gaɓar abin a yaba ne. Da harkar jiragen dakon kaya ta koma can gaba wajen teku, sai bakin kogin ya zama kufai: tsofaffin rumbuna, shingen ƙarfe, da filin ajiye motoci. A zamanin magajin gari Alain Juppé, wanda ya hau a 1995, aka wanke baƙin hayaƙi daga jikin gine-gine, aka buɗe jirgin ƙasa na cikin gari a 2003, wanda a tsakiyar birni yake jan wuta daga ƙasa don kada wayoyi su ɓata fuskar tsofaffin gidaje. A 2007 UNESCO ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya, a shekarar kuma aka buɗe otal ɗin Seeko'o, fari fat kamar dutsen ƙanƙara, a kan wannan gaɓa. A 2016 aka buɗe Cité du Vin, katafaren gidan tarihin giyar inabi. Otal-otal na zamani sun biyo bayan wannan aiki ne, ba su suka jawo shi ba. Wannan kaɗai darasi ne ga masu tsara mana birane, waɗanda kan fara da ginin otal a bakin ruwa sannan su tuna babu hanya, babu magudana.

Sai dai kogin da ya ɗauki ganguna ya ɗauki wani abu daban. Bordo ce tashar Faransa ta biyu a cinikin bayi, bayan Nant. Daga ƙarshen ƙarni na 17 zuwa farkon na 19, jiragen ruwa sun tashi daga nan kimanin sau 500 zuwa gaɓar Afirka, suka kwashi mutane fiye da dubu ɗari zuwa tsibiran Karebiyan. Abin da ya fi wannan kawo wa birnin dukiya ma shi ne cinikin kai tsaye da tsibirin da yau ake kira Haiti: a kai gari da giya, a dawo da sukari da kofi waɗanda bayi suka noma. Kyawawan gidajen dutsen da baƙo ke hangowa daga tagar ɗakinsa, da yawansu a ƙarni na 18 aka gina su, lokacin da wannan ciniki ke kan ganiyarsa. Takardar tallan otal ba ta kai nan, kuma ban ga laifinta ba. Mai sayar da barci ba zai tayar wa baƙonsa da hankali ba.

Birnin kansa ya daɗe yana nauyin baki. Sai a 2009 gidan tarihin Akiten ya buɗe ɗakuna na dindindin a kan wannan ciniki, shekara takwas bayan dokar Taubira ta ayyana bautar da mutane a matsayin laifi ga bil'adama. A watan Mayun 2019 aka kafa mutum-mutumin Modeste Testas a bakin kogin, wata 'yar Afirka da wasu 'yan kasuwar Bordo suka saya tana yarinya, aka kai ta gonarsu a Haiti. Daga otal-otal ɗin gaɓar zuwa inda take tsaye, tafiyar ƙafa ce. Ɗan Afirkan da ya kwana uku a wurin bai je ba, to me ya gani?

Za a ce jami'i taro ya je, ba yawon buɗe ido ba. Haka ne, kuma ba na goyon bayan a ƙara ko kwana ɗaya a kan kuɗin guzuri. 'Yan Najeriya ba su manta da surutun da yawan tawagarmu a taron sauyin yanayi na Dubai ya jawo a 2023 ba, har gwamnati ta dakatar da tafiye-tafiyen waje da kuɗin baitulmali na wata uku daga Afrilun 2024. Wannan ne ma ya sa awa biyun da ke tsakanin tashi daga taro da faɗuwar rana suke da tsada. An riga an biya su. Ana cewa tafiya mabuɗin ilimi, amma ba a ce kwanciya a ɗaki mai sanyi ba.

Ko giyar da ake taƙama da ita ba ta zauna lafiya ba. Shan jar giya ya ragu a Faransa, kasuwar Sin ta ja baya, har a 2023 hukumomi suka fara biyan manoman yankin kuɗi don su tumɓuke dubban kadada na inabi. Ma'aikacin ƙasar da ta jingina da ɗanyen mai ya kamata ya tsaya ya tambayi yadda yankin da ya dogara da haja ɗaya yake lallaɓawa idan masu saye suka juya baya. Jirgin cikin gari na layin B yana bin gaɓar daga tsakiyar birni har ƙofar Cité du Vin, inda ake ba wanda ba ya sha ruwan inabi marar sa maye. Gidan tarihin Akiten ma a kan layin yake.