A gwada Linux kafin a jingine tsohuwar kwamfutar gida

Zuwa ga Edita,

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, ma'ana ya daina aiko da gyare-gyaren tsaro da ke toshe kafofin da ɓarayin intanet ke kutsawa ta cikinsu, in ban da ƙarin wa'adin shekara ɗaya ga wanda ya yi rajista ta musamman. Wannan batu ya shafi gidajen Wulari da sauran unguwannin Maiduguri fiye da yadda ake zato, domin yawancin kwamfutocin da ke hannun iyalai na gwanjo ne, an saye su bayan sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, kuma Windows 11 ba ta karɓar irinsu saboda tana buƙatar wani ƙaramin sashen tsaro da ake kira TPM 2.0 da injin Intel na zubi na takwas ko wanda ya biyo bayansa. Magidancin da ya sha fama da rashin wuta tun daga Janairun 2021, lokacin da aka lalata turakun layin Damaturu, sannan ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumba, 2024 ta ci kayan gidansa ko na danginsa, ba shi ne za a ce ya sayi sabuwar kwamfuta ba alhali tsohuwar tana kunnuwa lafiya.

Babbar manhaja, kamar Windows, ita ce wadda ke tashi da zarar an kunna kwamfuta, tana kula da allo da madannai da rumbun ajiya, sauran manhajoji kuma a kanta suke hawa. Wadda ake kira mai buɗaɗɗen tushe ita ce wadda aka bayyana rubutun umarninta ga kowa, aka kuma halatta kwafarta da gyara ta da rarraba ta. Mafi shahara a cikinsu ita ce Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubuta ƙashin bayanta a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, aka haɗa ta da kayan aikin shirin GNU da Richard Stallman ya soma a 1983. Ba baƙuwa ba ce a gidajen Borno, domin kowace wayar Android a kan ƙashin bayan Linux aka gina ta. Tana zuwa iri-iri. Wadda ta fi dacewa da gida ita ce Ubuntu, wadda kamfanin Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fitar a 2004, ko kuma Linux Mint da aka gina a kanta, wadda fuskarta ta yi kama da ta Windows har yaro ba zai ɓata ba wajen neman inda ake buɗe fayil.

Abin da ya fi kyau a lamarin shi ne ana iya gwadawa ba tare da an taɓa komai ba. Ana sauke manhajar sau ɗaya, kimanin gigabait uku idan Linux Mint ce, a zuba ta a filashi, a soka a kwamfuta, a danna maɓallin zaɓen hanyar tashi yayin kunnawa, wanda a kwamfutocin HP yawanci F9 ne, a na Dell kuma F12. Daga nan Linux za ta tashi daga filashin, Windows da hotunan biki da takardun makaranta suna nan a rumbu ba abin da ya same su. A wannan zama ya kamata a duba ko intanet na kamawa, ko sauti na fita, ko firintar gidan ta amsa, da kuma tsawon lokacin da batir ke ɗauka, wanda a garin da ake auna aiki da awoyin wuta ko ƙarfin sola ba ƙaramin batu ba ne. Idan an zare filashin komai ya koma yadda yake. Filashi ɗaya kuma zai iya zagaya gidajen layi guda, don haka kuɗin data ba hujja ba ce, kuma babu haram ko karya doka a kwafar, saɓanin Windows ta bogi da ake zubawa a shago.

Duk wanda ya taɓa kai kwamfuta gyara ya san maganin da ake ba kowace cuta: a yi mata fomatin. A goge komai, a zuba Windows marar lasisi tare da tarin manhajojin da aka fasa makullinsu, bayan wata biyu bairos ya dawo ta filashin da yaro ya kai shagon buga takardu. Irin wannan bairos na Windows ba ya aiki a kan Linux, kuma Linux Mint na iya tafiya da gigabait biyu na ma'ajiyar aiki da ake kira RAM, ko da yake huɗu sun fi daɗi. Tana zuwa da LibreOffice na rubutu da lissafi da Firefox na shiga intanet, tana kuma da tsarin madannai na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, abin da marubuta da malaman Hausa za su yi maraba da shi.

Sai dai gaskiya ɗaya ce: ba kowane gida za ta yi wa ba. CorelDraw da Photoshop, waɗanda masu zanen katin aure da fosta ke cin abinci da su, ba su da na Linux, takardar da aka tsara a LibreOffice kuma takan ɗan karkace idan aka buɗe ta a Word, shi ya sa ya fi kyau a mayar da ita PDF kafin a kai bugawa. Manhajojin atisayen jarrabawar JAMB da ake sayarwa galibi na Windows ne ko na waya, don haka gidan da ke da mai shirin jarrabawa zai fi dacewa ya ajiye manhajojin biyu a kwamfuta ɗaya, a zaɓi wadda ake so lokacin kunnawa. Kafin a girka ta dindindin kuwa wajibi ne a kwashe muhimman fayiloli zuwa wani wuri.

Babban cikas a ganin mai wannan wasiƙa shi ne ƙarancin wanda za a kai wa kuka idan abu ya cije, tunda yawancin masu gyara Windows kaɗai suka sani. Saboda haka ana kira ga sassan nazarin kwamfuta na Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat da su riƙa ware ranar da ɗalibansu za su zauna da masu gyara da iyaye, kowa ya zo da kwamfutarsa a gwada masa kyauta, a yi bayanin da Hausa da Kanuri. Ita ma wannan jarida ana roƙon ta da ta ba batun fili a shafinta na kimiyya da fasaha.

Wassalam.

Daga wani mai karatu,
Wulari, Maiduguri.