Ranar Raba Kyauta a Makarantu: A Auna Kowa da Mudu Ɗaya

Kowace shekara idan damina ta kankama, wajen watan Yuli, makarantun Hukuma su kan rufe shekarar karatu. Kafin a sallami yara su tafi dogon hutu a kan yi taro, a kafa rumfa, a ɗauko lasifika, a gayyaci iyaye da manyan gari, a ba yaran da suka yi ƙwazo kyauta, a yaba wa malaman da suka yi fice. A Jihar Kano ƙananan hukumomi 44 ne, kowace kuwa da ofishin ilminta da Sakataren Ilmi mai kula da makarantun firamare na ƙasarta. Waɗansu makarantu su kan yi nasu taron su kaɗai, waɗansu a haɗa su wuri guda a hedikwata.

Mu ba mu ƙi wannan al'ada ba ko kaɗan. Yabon gwani ya zama dole. Yaron da aka kira sunansa gaban uwarsa da ubansa, ya miƙe ya karɓi littafi jama'a na tafi, ba ya manta wannan rana har ya yi furfura. Malami kuma ɗan Adam ne, yana so a ce masa madalla. Don mun ɗauki ranar da girma ne ya sa mu ke so mu yi magana a kan yadda a ke tafiyar da ita a wurare da yawa.

Jama'a, duk wanda ya taɓa halartar irin wannan taro ya san yadda ya ke. A ce ƙarfe tara. Yara su yi layi a rana tun hantsi, iyaye su tsaya a bayan igiya, babban baƙo kuwa ba zai iso ba sai ana shirin kiran azahar. In ya zauna, a ɗauki awa guda ana gabatar da manyan baƙi, kowa da sarautarsa da kirarinsa. Sa'an nan a shiga raba lambar yabo. Ta farko, mai gilashi da ruwan zinariya, ta Ciyaman ce. Ta biyu ta ɗan majalisa. Ta uku ta wani ɗan kwangila, wai shi “uban ilmi.” Kafin a zo kan yara rabin manyan sun tashi, motoci suna ta fita, mai sanarwa yana karanta sunaye da gaggawa kamar mai gwanjo a bakin kasuwa. Yarinyar da ta zo ta ɗaya a lissafi a miƙa mata faranti da sabulu guda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Muna tambaya, me Ciyaman ya yi da ya cancanci lamba a taron makaranta? In ya gina aji, ai da kuɗin jama'a ya gina, aikin da aka zaɓe shi dominsa ke nan. In bai gina ba, lambar ta mece ce?

To, wa ya biya kuɗin rumfar da kujerun da lemon manyan baƙi? Sau da yawa ku ne. Mako biyu ko uku kafin taron yaro ya kan komo gida ya ce an ce kowa ya kawo kuɗin biki, wanda bai kawo ba kada ya zo. Mai ɗa ɗaya ya iya daurewa. Amma mai sayar da kayan miya a 'Yan Kaba da ya ke da 'ya'ya biyar a firamare, ko mai tura baro a Singa, daga cikin uwar kuɗinsa zai cira, ko cefanen yini ya tafi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, dokar ilmin bai ɗaya ta Tarayya ta shekarar 2004 ta ce karatun firamare da na ƙaramar sakandare a makarantun Hukuma kyauta ne kuma tilas ne. Ta kuma ce wanda ya karɓi kuɗi saɓanin haka ya yi laifi, ana iya cinsa tarar da ba ta wuce Naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata 3, ko duka biyu. Gwamnatin Kano ma ta yi shelar ilmi kyauta kuma dole a 2019. Wani zai ce ai kuɗin biki ba kuɗin makaranta ba ne, gudummawa ce. To, gudummawar da a ke kora yaro gida in bai kawo ta ba, haraji ne aka sake wa suna. Ba a nan kaɗai a ke kuka da wannan ba: a 2025 Gwamnatin Jihar Imo ta hana bukukuwan yaye 'yan nazare, don rage wa iyaye ɗawainiya.

Ba mu ɗora wa hedimastoci laifin duka ba. Da yawansu umurni ya kan zo musu daga sama a yi biki mai kyau, ba a aiko da ko kwabo ba. Sai su juyo kan iyaye.

Yanzu mu zo kan kyautar yara ita kanta. A al'ada uku a ke ɗauka a kowane aji, na ɗaya da na biyu da na uku. Tsarin ilmi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ku da ku ke kai 'ya'yanku, ku faɗi gaskiya, yaushe rabon da ku ga aji mai yara 35 a cikin birni? Ajin da ya ke ɗauke da ɗari ko fiye, an ɗauki uku, sauran fa? Gwamnan Kano da bakinsa, ranar da ya yi shelar dokar ta-ɓaci a kan ilmi a watan Yuni na 2024, ya ce yara fiye da miliyan 4 a ƙasa su ke zaune suna karatu, babu benci. Yaron da ya ke zaune can ƙarshen ɗaki a kan turɓaya, ba ya hango allo, ba ya jin muryar malami sosai, an haɗa shi tsere da wanda ubansa ya ɗaukar masa malamin gida da yamma. Kowa ya san wanda zai ci tun ba a fara ba.

Ba mu ce a hana mai ƙwazo kyautarsa ba. A ba shi, har a ƙara. Amma akwai wani irin ƙwazo da takardar jarrabawa ba ta nuna shi. Akwai yarinyar da ta ke ɗaukar tallan ƙosai da asuba, ta komo ta ajiye faranti ta ɗauki jaka, shekara guda cur ba a rubuta mata fashi a rajista ba. Akwai yaron da ya shiga aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali ba, ya fita yana karanta wa kakarsa wasiƙa. Akwai gurgun da ya ke zuwa a kan keke ko da rarrafe, ruwa da iska. Akwai na ƙauye da ya ke yin noma da safe ranar Asabar da Lahadi don kada a cire shi daga makaranta ranar Litinin. Waɗannan duk malamin aji ya san su da sunayensu. Littafi guda da kiran suna a lasifika ya isa ya sa uban irin wannan yarinya ya fasa cire ta bana. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya daɗe yana cewa yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa.

Sai maganar malamai, nan kuwa zancen ya fi tsawo.

Idan aka kira wani aka ce shi ne gwarzon malami na ƙaramar hukuma, da wane mudu aka auna shi? Wa ya zauna ya zaɓa? Ba a faɗa. Inda ba a faɗa ba kuwa zato ya kan shiga, ko da wanda aka ba ya cancanta. Malamai su kan yi ta raɗa cewa wanda ya ke kusa da ofis shi ne a ke gani, mai kai gaisuwa, mai uwa a gindin murhu. Malamar da ta ke hawa mota biyu ta sauka ta taka ƙafa zuwa makarantar ƙauye, ita kaɗai da aji uku, babu wanda ya san tana raye sai ranar tantance ma'aikata. Ku 'yan kasuwa kun san hukuncin wanda ya ke saye da babban mudu ya sayar da ƙarami. A fito da mudun fili. A rubuta tun farkon shekara a manna a ƙofar ofis: za a duba zuwa aiki a kan lokaci, da yawan yaran da suka iya karatu a hannun malami, da yawan waɗanda ya riƙe ba su gudu ba, da shaidar iyaye. A ƙarshen shekara a karanta abin da kowa ya samu.

Bayan haka, babbar kyautar malami hakkinsa ne. Kowace ranar 5 ga Oktoba, ranar malamai ta duniya, a kan yi taro a Abuja a ba waɗansu malamai motoci. Muna taya su murna. A irin wannan rana ce a 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai da ƙarin shekarun aiki. Na shekarun ya zama doka a 2022, watau malami ya yi ritaya yana da shekara 65 ko bayan aikin shekara 40. Na albashin kuwa, shekaru suka yi ta shigewa ƙungiyar malamai ta ƙasa tana tuni. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Duk da haka malaman firamare na Abuja, a gindin fadar Gwamnati, sai da suka yi yajin aiki tun daga watan Maris har Yuli na 2025 don ƙananan hukumominsu ba su cika musu ba. Yara suka yi fiye da wata uku a gida. In an yi haka a Abuja, sai mutum ya tuna da malamin da ya ke can inda babu ɗan jarida.

Takardar yabo ba ta sayen mudun masara a Dawanau. Malamin da ya yi shekaru a mataki ɗaya ba a ƙara masa girma ba, ko aka ƙara masa a takarda ba a gani a albashi ba, in ka miƙa masa agogon bango gaban jama'a zai yi murmushi ya ce na gode, don yana da kunya. Tsohon da ya ajiye alli yana ta zarya neman garatuti, an zaunar da shi a layin gaba ana kiransa uba, zai fi so a ce masa ga ranar da za a biya shi.

Akwai kuma waɗanda ko sunansu ba a ambata. Maigadi da ya ke kwana da ɓarayin tagogi da kwanon rufi. Mai shara. Masinja. Malaman sa-kai da unguwa ke tara musu ɗan abin sabulu. Su ma ma'aikatan makaranta ne, a kira su.

Abin da mu ke nema mafi girma shi ne wannan rana ta zama ranar lissafi. Kowane ɗan kasuwa, ko mai tebur ne, ya kan zauna ƙarshen shekara ya ga uwa ya ga riba. Don me makaranta ba za ta yi haka ba, ga iyaye duk a wuri ɗaya, abin da ba ya samuwa sai shekara shekara? Kafin a miƙa wa kowa kyauta, Sakataren Ilmi ko hedimasta ya tashi da rajista a hannu ya gaya wa jama'a: shekara shida da suka wuce yara nawa suka shiga aji ɗaya, yau nawa ne suka gama aji shida, maza nawa mata nawa, sauran ina suka tafi. Malamai nawa ne a takardar albashi, nawa ne a ke gani a aji. Benci nawa aka kawo bana, aji nawa ne rufinsa ke yoyo, nawa aka gyara. Nawa ne suka sami gurbi a ƙaramar sakandare. Wannan ba ya bukatar rumfa ko lemo, minti goma sha biyar ya isa.

Kada kuwa a ce mana babu kuɗi sam. Dokar 2004 ta keɓe akalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ilmin farko, jiha ta ajiye nata rabin sa'an nan ta ɗauki na Tarayya. Kotun Ƙoli kuma ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko ta wace hanya kuɗin ya biyo, iyaye suna da ikon su ji nawa ya iso makarantar unguwarsu, me aka yi da shi. Ciyaman da ya tsaya ya amsa wannan tambaya gaban jama'a ba tare da kame-kame ba, mu da kanmu za mu buga sunansa a wannan shafi mu yaba masa.

Saura namu, ya ku 'yan'uwa. Makarantun Hukuma suna da kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai. Kujerun iyaye a cikinsu naku ne, amma don ba ku zuwa sai a cika su da 'yan amshin shata. Mun san barin rumfa rabin yini asara ce ga mai neman na yau. To, a yi karɓa-karɓa: kowane layi a Kurmi ko Kwari ko Sabon Gari ya tura mutum biyu, maƙwabta su duba musu kaya. Mata su je, don su ne suka fi sanin wace yarinya ce aka daina gani a hanyar makaranta. Wanda Allah Ya hore wa dozin ɗin littafin rubutu ko yadin yunifom, kada ya aika ta hannun kowa. Ya kai da kansa, ya tambayi malamin aji sunan yaron da bai yi fashi ba, ya miƙa masa hannu da hannu. In an aiko neman kuɗin biki, ku je ku tambaya cikin ladabi wa ya yanke, a wane zama, ku nemi rasit. Amsar da aka ba ku, ku kawo ta ofishin wannan jarida da sunan unguwarku, za mu tattara mu buga kafin a koma makaranta a watan Satumba.