Sharhi: Soke koyarwa da harshen uwa da halin da ɗalibin Kagoma ke ciki

A watan Nuwamba na shekarar 2025 ne Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar a Abuja cewa Gwamnatin Tarayya ta soke manufar koyarwa da harshen uwa, ta mayar da Turanci harshen koyarwa a dukkan matakai. Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ne a ƙarshen Nuwamban 2022, zamanin Malam Adamu Adamu, inda ta tanadi a koyar da yaro da harshensa a shekaru shida na firamare. Hujjar da ministan ya kafa ita ce yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB.

Hujjar tana da rauni. Ɗalibin da ya zauna WAEC a 2025 ya gama firamare tun wajen 2019, shekaru uku kafin a amince da manufar. Ba a ɗora wa jinjiri laifin ɓarin da aka yi kafin haihuwarsa. Haka kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci a firamare ba su gaza takwarorinsu ba, har a darasin Turanci.

Sai dai muhawarar da ta biyo baya ta tsaya ne a kan manyan harsuna uku, kamar dai kowane yaro a Najeriya da ɗayansu ya buɗe baki. A Kagoma, cikin Ƙaramar Hukumar Jema'a ta Jihar Kaduna, lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. Yaro yakan tashi da harshen Gwong a gida, ya ji Hausa a kasuwa da coci ko masallaci, sannan ya tarar da Turanci a kan allo. Idan aka nausa Kafanchan, aji guda yana iya haɗa ɗan Fantswam da ɗan Bajju da ɗan Ham da Bahaushe da Bafulatani. Da harshen uwar wa za a koyar a wannan aji?

Tsohuwar manufar ilimi ta ƙasa ta bar ƙofa a buɗe: harshen uwa ko harshen da ya fi yawo a muhallin yaro, a shekarun farko na firamare. A kudancin Kaduna wannan na nufin Hausa, kuma ba baƙon abu ba ne, domin da ita masu wa'azin mishan suka yi aiki, musamman bayan fitowar Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Amma batun yana da ƙaiƙayi. Akwai iyayen da ke ganin Hausa ce ke cinye harsunansu a bakin 'ya'yansu, don haka sun gwammace Turanci, wanda ba na kowa ba ne a yankin. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma duk mai son Hausa ya kamata ya saurare ta.

Abin da ke faruwa a aji dabam yake da abin da ke kan takarda. Malami yakan rubuta darasi da Turanci, ya ga idanu sun yi zuru, sai ya juya zuwa Hausa, wani lokaci ya ƙara da harshen garin. Yaro ya fahimta. Ranar jarrabawa kuwa tambaya ta zo da Turanci zalla, yaron da ya san amsar lissafin ya kasa gane abin da ake tambayarsa. Makin da ya samu ya auna Turancinsa ne, amma a rajista za a rubuta cewa bai iya lissafi ba. Ɗan makarantar kuɗi a cikin gari, wanda ya fara jin Turanci tun yana rarrafe, ba ya biyan wannan haraji.

Jihar Kaduna ta san tasirin jarrabawa fiye da kowace jiha. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 gwaji da tambayoyin aji huɗu, 21,780 suka kasa samun kashi 75 cikin ɗari, aka sallame su, aka kuma sanar da ɗaukar sababbi 25,000. A watan Yunin 2022 aka sake sallamar 2,357, cikinsu har da shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa, Audu Amba, wanda bai zauna gwajin ba. Babu mai musun cewa malamin da ya kasa aikin aji huɗu bai cancanci riƙe alli ba. To amma gwajin takarda yana auna abin da malami ya sani ne kawai. Ba ya nuna ko zai iya isar da shi ga yaro ɗan shekara shida da bai taɓa jin Turanci a gidansu ba, balle kurma da ke buƙatar yaren hannu, wanda dokar hana wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba shi haƙƙin ilimi kamar kowa.

Sanarwar minista ba za ta hana malamin Fadan Kagoma yin bayani da Hausa ko Gwong ba, domin ba shi da wata hanyar. Abin da za ta yi shi ne mayar da wannan dabara abin ɓoyewa idan mai duba makarantu ya zo. Gwamnatin Sanata Uba Sani tana da damar yin wani abu a nan ba tare da ta saɓa wa Abuja ba. Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, wadda ke cikin Jema'a, ita ce ke yaye da yawa daga cikin malaman yankin. Tana iya horar da su yadda ake ɗaukar yaro daga harshensa zuwa Turanci mataki-mataki, da yadda ake yi masa tambayar baka a aji ɗaya zuwa uku kafin a yanke hukunci a kan abin da ya rubuta.