Wace Ce Wannan 'Yar Bokon da Ake Nuna Mana?

Ya 'yan'uwa ɗalibai, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, wato irin siffar da masu shirya finafinan Hausa ke ba mata. Tun daga 1990, da aka fito da Turmin Danya a Kano, an yi finafinai ba adadi, amma in aka tace matan da ke cikinsu da wuya su wuce 'yan iri kaɗan: muguwar kishiya mai sintiri gidan boka, uwar miji mai kaifin baki, da baiwar Allah wadda ba ta da aiki sai kuka. Sai kuma wadda ta fi damunmu, 'yar boko.

Da zarar an ce yarinya ta shiga jami'a a cikin wasa, mai kallo ya riga ya san ƙarshenta. Za ta raina iyayenta, ta ƙi girki, ta riƙa zuba wa miji Turanci cikin fitsara, daga bisani duniya ta juya mata baya ta dawo tana nadama. Mu da muke cikin jami'ar nan, maza da mata, mun san ba haka abin yake ba. Mun ga mai goyo tana rubuta jarrabawa, mun ga mai ɗinki a ɗakin kwana don ta haɗa kuɗin rajista. Amma uban da ke ƙauye bai zo ya gani ba. Abin da akwatin talabijin ya nuna masa shi ya sani, kuma da shi zai yanke hukunci ran da 'yarsa ta gama sakandare ta ce tana son ci gaba.

Masu sana'ar kan ce faɗakarwa suke yi, kuma abin da kasuwa ke so ke nan. To, ai littattafan Balaraba Ramat Yakubu ma a kasuwa aka sayar da su. A Wa Zai Auri Jahila? an cire Abu daga makaranta aka aurar da ita ga tsoho, ta gudu, ta nemi ilmi da kanta har ta zama ma'aikaciyar jinya. A Alhaki Kwikwiyo kuwa, na 1990, miji ya kori Rabi, ita ko ta kama sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta tara. Gaskiya ne, can ma akwai muguwar amarya, Delu, amma ba ita kaɗai ce mace a cikin littafin ba.

Kada kuma mu ɗora wa Kano laifin duka. Mu ma 'yan wasan kwaikwayonmu na Makon Hausa, in za su ba da dariya, 'yar jami'a mai taunar cingam suke fitarwa, mu kuwa mu yi ta tafi. Muna roƙon kwamitin wasanni, kafin a hau dandali bana, ya ba 'yan'uwanmu mata rubutun su karanta tukuna.