A Sauƙaƙa Rabon Sababbin Adireshin Intanet

Matsayin jaridar nan shi ne, duk jami'a, banki ko hukumar gwamnati da ta nemi kason adireshin IPv6 daga AFRINIC, hukumar da ke rabon adireshin intanet a Afirka, a ba ta ba tare da jan ƙafa ba. Tsohon tsarin IPv4 adireshi biliyan 4.3 kacal gare shi, kuma tun a watan Fabrairun 2011 babban rumbunsa na duniya ya ƙare. Ɗan abin da ya rage wa Afirka ma ya zama ƙashin rigima, har wata kotu a ƙasar Moris ta naɗa wa AFRINIC mai riƙon ƙwarya a 2023. Shi kuwa IPv6 yalwarsa ta wuce lissafi, don haka babu dalilin auna shi da mudun rowa kamar hatsi a shekarar fari.

Sai dai a tsaya kan rajista. Duk wanda aka bai wa kaso a san ko wane ne, a san inda yake amfani da shi, domin ta nan ne ake bin sawun 'yan damfara. Muna kira ga hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, da ta wajabta wa kamfanonin sadarwa kai IPv6 ga masu hulɗa da su, ma'aikatun gwamnati kuma su fara da kansu.