Karatun nazarin laifuka: Ba kaki kaɗai ake buƙata a Kazaure ba

Akwai wani matashi a unguwarmu da ya kammala digiri a fannin nazarin laifuka da tsaro. Yau shekara uku ke nan yana zaune a rumfar POS. Duk lokacin da aka buɗe shafin ɗaukar ma'aikatan gidajen gyaran hali ko shige da fice sai ya cike, ya koma ya ci gaba da jira. Na tambaye shi ko ya taɓa shiga kotu ya saurari shari'a tun daga farko har ƙarshe. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai ba a taɓa kai mu ba."

Wannan amsa ce ta sa ni rubutun nan. Yaranmu na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura na tafiya Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Bayero su karanta wannan fanni, wasu kuma su yi difloma a kwalejin shari'a ta Ringim. Yawancinsu kaki suke hange, ko dai na ɗan sanda ko na gandiroba. Ba laifi ba ne, kowa na neman albashi. Amma inda shari'a ta fi cutar da talaka ba a bakin bindiga ba ne, a cikin fayil ne.

Ga yadda abin yake. Idan aka kama mutum da zargin babban laifi, kamar fashi da makami ko kisa, a kan kai shi gaban majistare wanda ba shi da hurumin sauraron ƙarar. Sai a tura shi gidan gyaran hali a ajiye, a ce ana jiran shawarar Ma'aikatar Shari'a. Ma'aikatar tana Dutse, kuma duk ɗan Kazaure ya san kafin ka isa Dutse sai ka ratsa jihar Kano. Fayil ɗin kan kwanta a wani teburi, iyayen da ke ƙauye ba su san ƙofar da za su buga ba, wata ya zama shekara. Alƙaluman Hukumar Gidajen Gyaran Hali kanta na nuna cewa kusan biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba.

Dokoki kuwa akwai su. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta haramta kama wani a madadin wani, ta kuma hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Duk da haka na taɓa kwana biyu ina zirga-zirga a wani caji ofis saboda wani ɗan uwana da aka tsare kan kuɗin buhun gero. Ba wanda ya san da wannan doka a cikinmu, har da ni mai babbar difloma.

A shekarar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali. Mutane sun riƙe sauyin suna, sun manta da rabin dokar. Ta kafa sashe guda na hukuncin da ba na ɗauri ba: aikin al'umma, ɗaurin talala, sakin fursuna bisa sharaɗi, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta. Sai dai alƙali ba zai yanke wa ɓarawon akuya hukuncin share kasuwa ba idan babu jami'in da zai tsaya a kansa, ya rubuta rahoto, ya je gidansu ya ga halin da yake ciki. Wannan aikin na wanda ya karanci nazarin laifuka ne, kuma ya fi dacewa da ɗan gari wanda ya san mai unguwa da dagaci.

Za a ce ai ɗaukar ma'aikatan gidan yari na Abuja ne. Da can haka ne. Tun watan Maris na 2023 gyaran kundin tsarin mulki ya ba jihohi ikon shiga harkar gidajen gyaran hali. Ban ce Jigawa ta gina sabon kurkuku ba, kuɗin ya fi amfani a asibiti. Abin da nake nufi shi ne ta ɗauki irin waɗannan matasa, ko da biyu-biyu ne a kowace ƙaramar hukuma, aikinsu bin fayil da sa ido kan masu aikin al'umma.

Makarantun ma da nasu. Lokacin da nake kwalejin kimiyya da fasaha, sai da na yi watanni a gidan rediyo ina koyon aiki kafin a ba ni takarda. Me zai hana ɗalibin nazarin laifuka ya yi zango guda a teburin magatakardan kotu, wani zangon a gidan gyaran hali na Kazaure? A ba shi sunayen masu jiran shari'a goma, ya gano ranar da aka kawo kowanne, kotun da ta turo shi, da inda fayil ɗinsa ya maƙale. A ba shi maki a kan wannan, kamar yadda ake ba shi a jarrabawa.

Makon jiya na shawarci matashin nan ya riƙa rufe rumfarsa da safiyar Litinin ya je kotun majistare ya zauna a bencin baya. Ya je sau ɗaya. Ya ce ƙararraki bakwai aka kira a gabansa, aka ɗage biyar.